Dukansu AS ne, kuma an ce yanzu akwai maganin sikila: a ɗaura auren?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni haifaffiyar Makka ce, iyayenmu daga Kano suka zo tun zamanin tafiyar ƙasa. An sa ranar 'yata da ɗan wana bayan Babbar Salla. Sun je fahas, wato gwajin jini kafin aure, sakamako ya fito dukansu AS. Wana ya ce kada mu tayar da hankali, Saudiyya ta amince da wani sabon magani da ke gyara ƙwayar gado, ko an haifi sikila za a warkar da shi. Ga shi ina da jika ɗan shekara 4 mai sikila, ɗan babban ɗana. Gaskiya ne akwai maganin? Jikana zai samu? Kuma auren zumunci ne ya jawo mana wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba jikanki lafiya, ya ba iyayensa ladan jinya.

Abin da wanki ya ji ba ƙarya ba ne. Maganin yana nan, sunansa Casgevy. Birtaniya ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamban 2023, Bahrain da Amurka suka biyo baya a Disamba, hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya kuma ta sa hannu a Janairun 2024. Sai dai tsakanin "akwai magani" da "a ɗaura, in an haifa a gyara" akwai tafiya irin wadda iyayenki suka yi daga Kano zuwa Sawakin ta Sudan kafin su ga jirgin ruwa. Zan bi da ke hanyar a hankali, don in kika zauna da wanki Alhaji ki iya yi masa bayani da bakinki.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da rubutun gado, wanda masana ke kira DNA. Haruffa ne kusan biliyan 3 daga uwa, wasu biliyan 3 daga uba, an naɗe su ƙunshi 23 daga kowane ɓangare. Haruffan iri huɗu ne kacal, A da T da G da C. A ƙunshi na 11 akwai wani ɗan layi da ke koya wa jiki yadda zai haɗa himogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ta ko'ina. A wuri guda cikin wannan layin, inda ya kamata a rubuta GAG, sai aka rubuta GTG. Shi ke nan. Duk kwanan asibitin da ɗanki da matarsa suke yi, duk kukan cikin dare, harafi ɗaya ne cikin biliyan 3. Kin san yadda ɗigo ke raba ba da ta a allo. To kamar haka ne. Vernon Ingram ne ya gano wannan canjin a himogulobin ɗin, a Kambirij ta Ingila, a tsakiyar shekarun 1950.

Ina so da za ki leƙa madubin ƙara girma da nake kallo a wurin aiki. Lafiyayyar jar ƙwayar jini kamar 'yar waina take, da ɗan loɓawa a tsakiya, ga laushi, tana iya lanƙwashewa ta ratsa jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. Ta mai sikila kuwa, da zarar ta sauke iskar da ta ɗauko, sai himogulobin ɗin da ke cikinta ya manne da juna ya zama dogayen sanduna, ya miƙar da ƙwayar ta koma kamar jinjirin wata, ta yi tauri. Shi ya sa Larabawa suke ce wa cutar minjaliyya, daga minjal, wato lauje. Irin waɗannan ƙwayoyin suna cushewa a ƙananan jijiyoyi, naman da ke gaba ya rasa iska, ciwon ya tashi. Kuma ba sa daɗewa: lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120, ta sikila tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Daga nan ƙarancin jinin yake, daga nan idon ke yin rawaya kamar mai shawara.

Mai AS, kamar 'yarki da ɗan wanki, ya gaji lafiyayyen layi, wato A, daga ɗaya cikin iyayensa, mai canji, wato S, daga ɗayan. Lafiyayyen yana wadatar da shi. Ba mara lafiya ba ne, kuma kada a bar kowa ya sa wa yarinyar nan ido kamar mai aibi. Hasali ma dalilin da ya sa S ya yawaita a cikinmu shi ne kariyar da yake ba yara daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Anthony Allison ya nuna haka a Gabashin Afirka a 1954. A 2018 Charles Rotimi, ɗan Najeriya mai bincike a Amurka, tare da abokin aikinsa Daniel Shriner, sun bi sawun canjin a rubutun gadon mutane kusan 3,000, suka kai ga cewa sau ɗaya ya faru, a jikin mutum guda, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Jikokinsa sun fi tsira daga zazzaɓi, sai suka yawaita. Yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ana haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a can duk shekara.

Yanzu ga lissafin da ya shafi ranar da aka sa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Na sha jin mutane suna cewa, "To ai ɗaya ne cikin huɗu, in na fari ya zo da ita sauran ukun sun tsira." Ba haka ba ne. Ciki ba ya tuna cikin da ya gabace shi, kowanne ƙuri'arsa daban. Na ga gida mai 'ya'ya biyar ba sikila ko ɗaya, na ga gida mai 'ya'ya uku dukansu SS. In suka haifi huɗu, yiwuwar a ce duk sun kuɓuta kashi 32 ne kawai cikin 100. In shida ne, kamar yadda gidajenmu suka saba, ya sauko kashi 18. Wato cikin irin waɗannan aure goma masu 'ya'ya shida, takwas za su yi jinyar sikila.

Wataƙila wata maƙwabciya ta taɓa ce miki ɗan'uwanta a Ahsa ko Ƙaɗif, a gabashin Saudiyya, yana da sikila amma ga shi da furfura da jikoki, bai san gadon asibiti sosai ba. Ita ma ba ƙarya ta yi ba, kuma a cikin labarinta ne asirin sabon maganin yake. Jariri a ciki ba irin himogulobin ɗinmu yake amfani da shi ba, yana da nasa, wanda za mu kira jinin jarirai. Shi wannan ba ya sandarewa, kuma in yana da yawa a cikin ƙwaya yana hana na sikilar mannewa. Wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta lura tun 1948 cewa jariran masu sikila lafiya lau suke a watannin farko. Ki tambayi surukarki, ina kyautata zaton jikanki sai da ya kusa wata shida ko ya wuce kafin yatsun hannu da na ƙafa su fara kumbura. Lokacin ne jiki yake kashe fitilar jinin jarirai ya kunna ta manya, har a babban mutum ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 100. To mutanen gabashin Saudiyya da na Indiya, S ɗinsu ya zo tare da wasu alamomin gado da ke hana fitilar mutuwa gaba ɗaya, sai ka ga babba yana da jinin jarirai kashi 15 zuwa 20. Likitocin asibitin Aramco a Zahran sun rubuta wannan tun shekarun 1970, ko da yake bincike na baya ya nuna su ma in sun girma suna fama da lalacewar ƙashin ƙugu da sauran matsaloli. Mu Hausawa, da mafi yawan 'yan Najeriya, da mutanen Jazan a kudu maso yamma, nau'in da ake kira na Benin muke ɗauke da shi, kuma ya fi tsanani. Saboda haka kada a auna jikanki, ko 'ya'yan da 'yarki za ta haifa, da mutumin Ahsa.

Shekaru da dama masu bincike suna neman makunnin wannan fitila. A 2007 da 2008 aka gano shi, ta hanyar kwatanta rubutun gadon dubban mutane, ciki har da mutanen tsibirin Sardiniya. Wani layin gado ne mai suna BCL11A, aikinsa danne jinin jarirai, kuma ɗakin binciken Stuart Orkin a Bostin ne ya tabbatar da hakan. A 2012 kuma Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a ari wani almakashi da ƙwayoyin bakteriya ke kare kansu da shi, a ba shi adireshi, ya je daidai wurin da ake so a rubutun gado ya yanka. Shi ne ake kira Kirisfa, kuma a kansa suka sami kyautar Nobel a 2020. Da aka haɗa biyun sai ga Casgevy. Abin da zai ba ki mamaki shi ne maganin ba ya ma taɓa harafin sikilar. GTG tana nan inda take. Makunnin yake lalatawa a cikin ƙwayoyin da ke haifar jini, sai jinin jarirai ya dawo ya kai kashi 40 ko fiye, ya rinjayi na sikila. A gwajin da aka miƙa wa hukumar magunguna ta Amurka, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda cur ba su sami tashin ciwo mai tsanani ba, alhali a da kowannensu yana samun aƙalla biyu a shekara. Mace ta farko, Victoria Gray daga jihar Misisifi, an yi mata a 2019. Ni da na yi shekaru ina kallon jinin masu sikila, ranar da na karanta sakamakon nan sai da na ajiye takardar na yi hamdala.

Amma kalmar "magani" tana ruɗar mutane, suna zaton allura ce ko ƙwaya da za a karɓo a saidaliyya, wato kantin magani. Ga yadda abin yake. Da farko za a yi makonni ana yi wa mara lafiya ƙarin jini. Sai a ba shi allurar da ke koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo su shigo jijiya, a jona shi da na'ura ya yi sa'o'i a kwance tana tace su, kuma sau da yawa zuwa ɗaya ba ya isa, sai an sake bayan makonni. A aika ƙwayoyin masana'anta a waje, a yanka, a gwada, a dawo da su. Wannan yana iya cin wata shida. Sannan sai mataki mafi wuya: kwana huɗu ana ba shi busulfan, maganin kansa mai ƙarfi, don a share tsohon ɓargon a samar wa sabon wuri. Gashi zai zube, baki da maƙogwaro su yi gyambo har ruwa ya gagari haɗiya, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa, ya yi wata guda ko fiye a ɗakin da ba a shiga sai da takunkumi. Kuma busulfan yana iya kashe haihuwa, namiji ko mace, shi ya sa ake ba da shawarar a adana ƙwai ko maniyyi tun kafin a fara. Farashin da aka sa wa Casgevy a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne, wato sama da riyal miliyan 8, ban da kuɗin kwanciya. Wanda ke zaune da igama, wato takardar zaman baƙo, ya fara tambayar kamfanin inshorarsa kafin ya sa rai. Da farko an amince da shi ne ga masu shekara 12 zuwa sama waɗanda ciwon ke yawan tashi musu, kuma za a bi kowane wanda aka yi wa har shekara 15, domin maganin bai kai shekara goma a jikin ɗan'adam ba tukuna. Akwai wani na biyu a Amurka mai suna Lyfgenia, dala miliyan 3.1, da gargaɗin kansar jini a jikin takardarsa.

To ki duba, Hajiya. Yaron da za a haifa SS sai ya rayu shekaru da cutar kafin ma a fara maganar layi. A cikin waɗannan shekarun ne saifa take lalacewa, a cikinsu ne shanyewar ɓarin jiki ta fi kama yara masu sikila, kuma abin da ya riga ya lalace a ƙwaƙwalwa ko ƙashi almakashi ba ya ɗinke shi.

Ga kuma abin da nake so ki isar wa Alhaji ko da ya manta sauran. Ɓargo kaɗai ake gyarawa. Ƙwan mace da maniyyin namiji ba a taɓa su. Wanda aka warkar da Casgevy, ko da dashen ɓargo, S zai bai wa kowane ɗa da ya haifa, kamar ba a yi masa komai ba. An warkar da mutum ɗaya ne, gadon yana nan yana tafiya. Gyara tayi tun daga tushe kuwa, yadda zai bi zuriya, ba abin da likitan kirki ke yi ba ne a yau. Wani masani a Sin, He Jiankui, ya yi wa tagwaye a 2018, ya ƙare da ɗaurin shekara uku.

Binciken bai tsaya ba. Akwai sabuwar dabara da David Liu ya fito da ita a 2016, wadda ba ta yanka zaren, tana goge harafi ɗaya ne ta rubuta wani, kuma ana gwada ta a kan masu sikila yanzu haka. Babban burin shi ne a daina fitar da ɓargo da ba da busulfan, a riƙa tura gyaran ta allura ya je ya sami ƙwayoyin a inda suke. A 2025 an yi wa wani jariri a Filadelfiya irin wannan, aka tsara masa gyara nasa shi kaɗai don wata cutar hanta ta gado, aka tura cikin 'yan ƙunshin kitse ta jijiya. Sai dai hanta tana da sauƙin isa, ɓargo kuwa yana ɓoye. Ina da kyakkyawan zato jikanki zai ga wannan zamanin. Amma ba zan ce a ɗaura aure a bana a kan abin da ke ɗakin gwaji ba. Magungunan sikila sun taɓa ba mu kunya: Oxbryta, da aka yi ta murna da shi, kamfaninsa ya janye shi daga kasuwar duniya a Satumban 2024.

Mu koma kan jikanki, don shi ne yake hannu. Abin da ya fi yi masa amfani a yau ba sabo ba ne kuma ba tsada. Na farko haidiroksiyuriya, ƙwaya ko ruwa da ake sha kullum, ita ma jinin jarirai take ɗagawa, tana rage tashin ciwo da kwanciya da buƙatar ƙarin jini, kuma ana iya fara ta tun yaro yana wata tara. Iyaye da yawa suna tsorata in suka karanta takardar suka ga an ce maganin kansa ne, sai su ɓoye kwalbar a durowa su ce wa likita yana sha. Mu kuwa muna gani a gwajin jini, domin wanda ke sha ƙwayoyinsa girma suke yi. An gwada ta a kan yara sama da 600 a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, ta rage ciwo da mace-mace, har zazzaɓin cizon sauro ya ragu. Sai fenisilin safe da yamma har ya kai shekara 5, da alluran rigakafinsa cikakku, saboda saifar mai sikila ba ta iya tace ƙwayoyin cuta. Wani gwaji a 1986 ya nuna fenisilin kaɗai ya rage mummunar cutar jini da kashi 84 cikin 100. Zazzaɓin da ya kai 38.5 a jikin wannan yaron na gaggawa ne, ko da ƙarfe uku na dare, ba na jiƙa tsumma a jira safiya ba.

Sai wanda aka fi mantawa: hoton jijiyoyin kai. Daga shekara 2 zuwa 16, duk shekara, a ɗora masa 'yar na'urar sauti a gefen kai a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ba zafi, ba allura. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin shanyewar jiki, kuma ƙarin jini a kai a kai yana rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100, kamar yadda aka tabbatar a 1998. A nan garin iyayenki ya taka rawa. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu na Kaduna da Amurka sun bi yara 220 masu irin wannan haɗari, a inda ƙarin jini duk wata ba ya yiwuwa, suka ba su haidiroksiyuriya, aka ga shanyewar jiki ta yi ƙasa sosai, har da ƙaramin awo. An wallafa sakamakon a 2022. Ki tambayi ɗanki yaushe aka yi wa yaron wannan hoton na ƙarshe. In ya yi shiru, kin san abin da za a fara da shi. Sauran kin sani: ruwa da yawa musamman a zafin Makka, kada a fitar da shi daga rana a jefa shi gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙanƙara, a kiyaye cunkoson Harami da rana tsaka, kuma in za a hau Ɗa'if ko Abha a yi shawara da likitansa, don iskar kan dutse ba ta kai ta ƙasa ba.

Maganar warkewa kuma, akwai hanyar da ta girmi Casgevy da shekara kusan arba'in, wato dashen ɓargo daga ɗan'uwa. An fara ganin ya warkar da sikila a 1984. In aka sami wa ko ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ɓargonsu ya dace, yara sama da 90 cikin 100 suna rabuwa da cutar, kuma ya fi kyau tun suna ƙanana. Kowane ɗan'uwa yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa, kuma mai AS yana iya bayarwa. Ana yi a nan ƙasar, a Asibitin Sarki Faisal na ƙwararru da asibitocin Haras Waɗani, wato dakarun tsaron ƙasa. Yana da nasa haɗarin, sabon ɓargo yana iya juyowa ya yaƙi jikin da ya karɓe shi. Amma in jikanki yana da 'yan'uwa, gwajin dacewa tambaya ce da ta cancanci a yi wa likitan jininsa.

Tambayarki ta ƙarshe, ko zumunci ne ya jawo. A batun sikila a tsakaninmu, ba shi ne babban mai laifi ba. Tunda ɗaya cikin huɗu na Hausawa yana ɗauke da S, ko daga Shara Mansur ka ɗauko bare ko daga Fagge, ƙuri'ar tana nan. Kuma ba "daga dangin uwa" take zuwa ba, kamar yadda ake jefa wa surukai. Sai uwa ta ba da S uba ya ba da S. Inda auren tuwona-maina yake da tasiri shi ne cututtukan gado da ba a cika gani ba. 'Ya'yan wa da ƙanwa sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na gadonsu, don haka in kakansu yana ɗauke da wani ɓoyayyen canji, ya fi sauƙi ya haɗu da kansa a jikin jika. Haɗarin haihuwar yaro da nakasa ko cutar gado a auren bare kashi 2 zuwa 3 ne cikin 100, a auren 'yan'uwa na kusa ya kusa ninkawa. Yawancin 'ya'yansu lafiya suke, amma in an maimaita shi kaka da kakanni abin yana taruwa. Fiye da rabin auren Saudiyya na dangi ne, shi ya sa ƙasar ta zama babbar makarantar wannan ilimi. An kafa shirin karanta rubutun gadon 'yan ƙasa a 2013, kuma Farfesa Fauzan Alkuraya na Asibitin Sarki Faisal ya gano cututtukan gado masu yawa da duniya ba ta san tushensu ba, ta hanyar nazarin irin waɗannan iyalai.

Shi fahas ɗin aure an wajabta shi a nan tun 2004. Ba ya hana kowa aure, nasiha ake yi a bar wa mutane zaɓi. A shekarun farko kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka yi wa gargaɗi sun ci gaba da aurensu, amma zuwa 2009 fiye da rabi suna fasawa da kansu. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. Ni dai abin da na gani da idona shi ne ana zuwa a makare. Na taɓa zama da wasu yara biyu da iyayensu, uwar yarinyar tana riƙe da katin gayyata a cikin jaka, an biya kuɗin ƙa'a, wato zauren biki, an ɗinka kaya, saura kwana tara. Ina bayani uban yaron yana kallon agogo. Ba wanda ya ji ni, kuma ban ga laifinsu ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku da sauran watanni a gabanku.

In kin nemi ra'ayina, da 'yata ce da na ce a haƙura. Kowannensu zai iya auren AA ya haifi 'ya'yan da ba mai sikila ko ɗaya. Zumuncin da ake son ƙullawa da auren, na ga yadda jinya take kwance shi, dangin miji suna zargin na mata a bakin ɗakin gaggawa, alhali kaka ɗaya suka haɗa. Ku kun ma fi kowa sani, kuna da misali a cikin gida. Sai dai hukuncin ba nawa ba ne, ba naki ke kaɗai ba, ba na Alhaji ba. Yaran ne za su yi kwanan zaune, don haka a zaunar da su gaban likitan gado su ji lissafin da kunnensu, ba tare da manya suna amsa musu ba. In sun ji sun ce sai juna, akwai hanya guda da ke rage haɗarin tun kafin ciki: a haɗa ƙwanta da maniyyinsa a ɗakin gwaji, bayan kwana biyar a ɗebi 'yan ƙwayoyi daga kowane tayi a duba, a mayar mata da wanda ba SS ba. Ana yi a Saudiyya. Yana da tsada da wahalar allurai, ba kowane zagaye ke zama ciki ba, kuma kowace haihuwa sai an sake, ma'ana cikin da ya shiga da kansa ya koma ƙuri'ar ɗaya cikin huɗu. Su ji ta bakin malamin da suka amince da shi a kan hukuncinsa kafin su yanke.

Abu ɗaya na ƙarshe, saboda a nan kuke zaune ba a Kano ba. In aka fasa wannan, wani ya fito, kada a tsaya ga jin "ai shi ba S gare shi ba". A Saudiyya da Yaman da ƙasashen Sham akwai masu ɗauke da talasimiya, wata cutar jini ta gado, a Afirka ta Yamma kuma akwai masu C, wani nau'in himogulobin mai canji, kuma kowanne cikinsu in ya haɗu da S yana haifar da nau'in sikila. Gwajin gaggawa na 'yar kwalba da ake yi a wasu ƙananan ɗakunan gwaji ba ya kama su. A nemi cikakken gwajin da ke rarrabe nau'o'in himogulobin tare da ƙidayar jini, a duba girman ƙwayoyi da adadin nau'in himogulobin da ake kira A2. In ya haura kashi 3.5 cikin 100, alamar talasimiya ce. Wanda aka yi wa ƙarin jini kuma ya jira wata uku zuwa huɗu kafin ya gwada, don jinin wani yana iya rufe nasa. Ki haɗa ƙannen amarya da na ango gaba ɗaya, har 'yan makarantar firamare, a kai su a gwada a wannan hutun, a rubuta wa kowa sakamakonsa a ajiye tare da takardar haihuwarsa.